Aninin Tabawa a Halifax

Daren Litinin nake buɗe cikin injinan wanki
a shagon da nake aiki, nan Bradford,
in juye abin da suka haɗiya a bokiti.
Mai shago jimla yake nema,
ni kuwa fuskokin kuɗin nake leƙe.

Akwai 'yan hamsin ɗin nan masu kusurwa bakwai,
kowanne da zanen da aka goya masa:
wani mai keke, wani mai iyo,
wani ƙwallo, wani tuta.
In na ga baƙuwar fuska
sai in musanya ta da nawa na aljihu,
kada haƙƙin mai shago ya kwana a wuyana.
Shekara shida, gwangwanin shayi uku.

Ran wata Asabar, ruwa na tsiyaya ba gajiya,
na ɗauki gwangwani guda zuwa Halifax,
wurin Mista Pickersgill,
tsoho mai gilashi ɗaya maƙale a ido.
A ƙasan aljihuna kuma, ƙulle a tsumma,
aninin kakata Tabawa,
mai huda a cibiya, mai tauraro,
ribar daddawa a kasuwar Gumel
da ta hana shi fita har ta koma ga Mai ita.

Ya baje nawa a kan koren ƙyalle
yana ture su da farce:
wannan hamsin ne, wannan ma hamsin,
wannan ka sayi burodi.
Sai ya yi cak.
Ya goge yatsu, ya ɗaga wani mai hasumiya
kamar mai ɗaukar jinjiri daga wanka.
Fam ɗari da ashirin, in ji shi,
kaɗan aka buga.

Ɗan jiya-jiya!
'Yata Rumasa'u ma ta girme shi.
Na ce a raina, in yaro ya ci wannan rabo
ina ga dattijo?
Na kwance tsumma.

Ya juya shi sau biyu kawai.
Fam ɗaya, don na ga ka sha hanya.
Irinsa an buga ba adadi,
ga shi ya sha hannu, rubutun duk ya suɗe.
Ya miƙo mini gilashin,
ya nuna wani ɗan harafi kamar ƙwayar gero:
nan ƙasar aka ƙera shi, a Birmingham.

Ashe gida ya dawo.
Ya ƙetare teku yana sabo,
ya yi bauta a faifai da ƙoƙo da bakin zane,
ya sayi gishiri, ya sallami mai aski,
ya tsufa, ya biyo jika ya komo,
ba wanda ya ce masa sannu da zuwa.

A bayan tsohon, cikin akwatin gilashi,
ga waɗanda yatsa bai taɓa ba,
an rufe su a roba tun ranar haihuwa,
ba su san gumi ba, ba su san ciniki ba,
su ne masu tsada.
Shan hannu shi ne aibin nawa,
ni kuwa shan hannun na zo nunawa.
Inda ya suɗe ɗin nan
babban yatsan Tabawa ne.

Na sayar da mai hasumiya, ban yi kwauron baki ba.
Na biya kuɗin gas,
na sai wa Rumasa'u takalmin sanyi.
Aninin na zura shi a zoben makullan inji,
hudarsa dai ba ta tsufa ba.

Jiya a tashar bas ta gan shi yana lilo.
Baba, wannan nawa ne?
Na ce goma irinsa ke yin kwabo.
Ta ce, kwabo fa, nawa ne?
Na buɗe baki ina lalube,
sai bas ta iso.
Ta ɗora wayarta a kan na'ura, ta yi ƙit,
ta biya mana mu biyu.